ƘASAR NORWE: ABIN DA FARAR ƘANƘARA TA RUFE

Ran 10 ga watan Disamba na kowace shekara gidajen rediyon duniya su kan ambaci birnin Oslo, domin a nan ne a ke miƙa lambar yabon nan ta Nobel ta zaman lafiya, cikin zauren Majalisar Birni, wani jan gini mai hasumiya biyu da ke fuskantar teku. Mu a nan gida in an ce Norwe, abu biyu ke faɗo mana a rai, watau wannan lamba, da kuma busasshen kifin nan mai taurin itace wanda 'yan'uwanmu na Kudu ke kira okporoko ko panla. Waɗanda suka yi nisa da karatu su kan ƙara da cewa ƙasa ce mai mutane miliyan 5 da rabi, mai arzikin man fetur kamar tamu, amma wadda ta iya tattalin kuɗinsa. Duk wannan haka ya ke, na kuwa gani da idona. Titunan Oslo tsaf su ke, motocin haya ba su saɓa lokaci, ɗan sanda kuma ba ya tare ka ya ce ka ba shi na goro.

Sai dai daga ƙofar wannan zaure, in mutum ya bi gaɓar teku ya yi tafiyar minti 10 a ƙasa, zai iske tsohuwar ganuwar Akershus, wadda ta shekara fiye da 700 tana tsaron bakin garin. A gindinta, kan wani ɗan fili mai ciyawa, akwai kujerun ƙarfe guda 8 a warwatse, wasu bi-biyu, wasu ɗai-ɗai, dukansu sun juya fuska ga ruwa, kuma babu wadda ke da mazauni. Baƙo zai zaci ma'aikatan lambu ne suka manta da su. Wani maƙerin Ingila mai suna Antony Gormley ne ya ƙera su, aka kafa su cikin 2000, domin tunawa da mutanen da aka kwashe daga wannan kwata ran 26 ga Nuwamba, 1942.

Kafin mu zo ga wannan rana, bari mu koma baya kaɗan. Sojojin Hitila sun afka wa Norwe ran 9 ga Afrilu, 1940. Sarki Haakon na 7 da ministocinsa suka ƙi ba da kai, suka yi Arewa, daga can kuma cikin watan Yuni suka haye zuwa Ingila. Da maraicen ranar da aka kawo harin, wani tsohon hafsan soja mai suna Bidkun Kwislin ya shiga gidan rediyo ya shelanta wa jama'a cewa shi ne shugaban gwamnati. Mutumin nan ba ɗan tasha ba ne. Ɗan limamin coci ne, ya yi aikin agajin yunwa a Rasha tare da mashahurin Fridtjof Nansen, ya kuma riƙe Ministan Tsaro daga 1931 zuwa 1933. Jam'iyyar da ya kafa mai koyi da ta Nazi, Nasjonal Samling, ba ta taɓa cin ko kujera ɗaya a Majalisar Dokoki ba, ƙuri'unta ba su wuce kashi 2 da 'yan kai cikin 100 ba. Amma da Jamusawa suka zauna da gindinsu, sai 'ya'yan jam'iyyar suka haura dubu 40. Har yau in Bature ya ce da mutum kwislin, to, maci amanar ƙasarsa ya ke nufi.

Cikin ganuwar akwai gidan adana tarihin 'yan gwagwarmaya, wanda aka buɗe cikin 1970, kuma shi ne a ke fara kai baƙo. A nan za a nuna maka labarin samarin da suka lalata masana'antar Vemork cikin Fabrairu 1943 don kada Jamus ta sami abin haɗa bam ɗin nukiliya, da na malaman makaranta fiye da 1,000 da aka kama cikin 1942 saboda sun ƙi koyar da aƙidar Nazi, da na limaman coci da suka ajiye muƙamansu. Babu ƙarya a ciki, mutanen nan sun yi jaruntaka. Illa dai shekara da shekaru da wannan labari kaɗai aka yi ta renon yaran ƙasar, kamar a ce Kwislin da 'yan barandansa ne kurum suka ɓata, sauran jama'a duk suna dawa riƙe da bindiga. Hausawa kuwa sun ce sai da ɗan gari a kan ci gari.

Yahudawan Norwe a lokacin kimanin 2,100 ne, yawancinsu 'yan tireda ne da teloli da masu gyaran agogo. Tsarin mulkin ƙasar na 1814, wanda su ke bikinsa da tutoci kowace 17 ga Mayu, tun asali ya haramta wa Bayahude shiga ƙasar, ba a soke wannan sashe ba sai 1851, Kwislin kuma ya maido da shi cikin Maris 1942. A farkon shekarar nan aka umarci kowane Bayahude ya kai katin shaidarsa ofishin 'yan sanda a buga masa jan harafin J, aka kuma ba su takardar tambayoyi su cika, da suna, da adireshi, da sana'a, da dukiya. Suka cika, don sun amince da hukumar ƙasarsu. Ran 26 ga Oktoba aka kama mazan, aka ƙwace dukiyarsu. Bayan wata guda, da asubahin ran 26 ga Nuwamba, aka koma kan mata da yara da tsofaffi da marasa lafiya.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, waɗanda suka ƙwanƙwasa ƙofofin nan 'yan sandan Norwe ne, da harshen Norwe suka yi magana, kuma motocin tasi na birnin Oslo wajen 100 aka ɗauko haya suka yi ta jigila zuwa kwata. Sai a bakin jirgi ne Jamusawa suka karɓa. Jirgin, mai suna Donau, ya tashi da mutum 529, ya sauke su a Stettin, daga nan aka zuba su a taragun dabbobi zuwa sansanin Auschwitz a ƙasar Folan. Ran 1 ga Disamba suka isa, a ran nan kuma aka kashe dukan matan da yaran da iskar guba. Cikinsu akwai wata budurwa 'yar shekara 22, Ruth Maier, wadda ta gudo daga Ostiriya tana neman mafaka, ta bar littafin da ta ke rubuta al'amuranta na yau da kullum, wanda sai cikin 2007 aka buga shi. Mutum 9 kaɗai suka dawo da rai daga cikin waɗanda suka shiga Donau. Jimlar waɗanda aka kwashe daga ƙasar ta haura 770, waɗanda suka tsira ba su kai 40 ba. Fiye da 1,000 kuma sun sami ƙetarawa Suwidin, galibi da taimakon wasu 'yan Norwe da suka sayar da rayukansu, ko da ya ke akwai waɗanda sai da aka biya su.

Jami'in da ya shirya kamen a Oslo sunansa Knut Rød. Bayan yaƙi aka gurfanar da shi cikin 1946, kotu ta sallame shi, aka sake shari'ar cikin 1948, aka sake sallamarsa, bisa hujjar wai ya riƙa taimakon 'yan gwagwarmaya a ɓoye, saboda haka abin da ya yi wa Yahudawa tamkar rufa-ido ne. Watau a ma'aunin alƙalan nan, rayukan mutum ɗaruruwa ba su kai nauyin 'yan labaran da ya riƙa tsegunta wa abokansa ba. Ya koma bakin aikinsa na ɗan sanda har ya yi ritaya cikin 1965. Waɗanda suka dawo daga Suwidin kuwa suka iske wasu a cikin gidajensu, da suka nemi dukiyarsu sai aka zare kuɗin ɗawainiyar hukumar da ta ƙwace ta. Sai cikin 1999 Majalisa ta amince a biya diyyar kurona miliyan 450, sa'an nan ran 27 ga Janairu, 2012, Firayim Minista Jens Stoltenberg ya tsaya a wannan kwata ya roƙi gafara. Shekara 70 ke nan, mafi yawan waɗanda ya kamata su ji roƙon sun riga mu gidan gaskiya.

Kada a ce ba a hukunta kowa ba. An binciki mutum fiye da dubu 90, aka sami kimanin rabinsu da laifi, aka harbe 'yan ƙasa 25, har da Kwislin kansa, wanda aka tsayar a jikin bangon Akershus ran 24 ga Oktoba, 1945. Tsohon marubucin nan Knut Hamsun, wanda ya ci lambar Nobel ta adabi cikin 1920 ya kuma ɗauke ta ya ba Goebbels kyauta, har ya rubuta ta'aziyyar Hitila a jarida, shi tara aka ci shi bayan likitoci sun ce hankalinsa ya raunana, abin da ya fi wa jama'a sauƙin haɗiya. Amma hukuncin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda aka yi ba tare da kotu ba.

Daga kwatar Majalisar Birni jirgin fito ya kan kai mutum tsibirin Hovedøya cikin 'yan mintoci. Da bazara wurin cike ya ke da masu wanka da masu gashin nama. A nan ne daga ƙarshen 1945 zuwa 1946 hukuma ta tsare mata fiye da 1,000 don sun yi soyayya da sojojin Jamus, aka fake da cewa rigakafin ciwon sanyi a ke yi. Babu dokar da suka karya. A garuruwa da dama an kama irinsu an yi musu ƙwal-kwabo a bainar jama'a, an kore su daga aiki, waɗanda suka auri Jamusawa kuma aka ƙwace musu 'yancin zama 'yan ƙasa aka tura su Jamus, alhali mazan Norwe da suka auro Jamusawa ba wanda ya taɓa su, 'yan kasuwar da suka yi wa Jamus kwangilar gina barikoki kuwa da yawansu suka ci gaba da cin ribarsu. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

'Ya'yan da aka haifa, tsakanin dubu 10 zuwa dubu 12, su suka fi shan wuya. Lokacin yaƙi Jamusawa na ganinsu tsantsar jinin da su ke nema, har suka buɗe musu gidajen haihuwa na musamman da a ke kira Lebensborn. Da yaƙi ya ƙare sai suka zama abin ƙyama, aka sami manyan likitoci masu cewa akasarinsu ba za su rasa taɓin ƙwaƙwalwa ba, aka jefa wasu a gidajen masu taɓin hankali suna da lafiyarsu. Ɗaya daga cikin mawaƙan ƙungiyar ABBA, Anni-Frid Lyngstad, tana cikin irin waɗannan yara, kakarta ce ta gudu da ita Suwidin. Da suka kai ƙara Kotun Turai ta kare haƙƙin ɗan Adam, cikin 2007 aka ce sun makara. Iyayensu mata kuwa sai cikin Oktoba 2018 Firayim Minista Erna Solberg ta nemi gafararsu.

Gidan da Kwislin ya zauna, Villa Grande, yana unguwar masu hannu da shuni ta Bygdøy. Tun 2006 cibiyar nazarin kisan ƙare-dangi da 'yancin tsirarun addinai ce ke ciki, kuma kullum da 'yan makaranta a ƙofa. Wannan kam dole a yaba musu, don ba kowace ƙasa ce ke buɗe ɗakin shirginta ga baƙi ba.

Wanda ke son ganin sauran labarin sai ya shiga jirgin ƙasa daga Trondheim zuwa Bodø, tafiyar kilomita 729, kusan awa 10, ta cikin duwatsu da dazuzzuka har a ƙetare layin da in an wuce shi rana ba ta faɗuwa a tsakiyar bazara. Ban taɓa ganin ƙasa mai kyaun wannan ba. Fasinjoji na ɗaukar hoto ta taga, kaɗan ne suka san cewa dubban fursunonin yaƙi ne suka fasa duwatsun wani sashe na hanyar. Jamusawa sun kawo fursunonin Tarayyar Sobiyet kimanin dubu 100 cikin Norwe, wajen 13,700 suka mutu da yunwa da sanyi da harbi, adadin da ya zarce na dukan 'yan Norwe da suka rasu a yaƙin. A kwarin Saltdal akwai wata hanyar mota da mutanen wurin ke kira Hanyar Jini, a gefenta da wani dutse mai jan gicciye, an ce wani fursuna ɗan Yugoslabiya ne ya fara zana shi da jinin ɗan'uwansa da aka harbe. A sansanin Beisfjord kusa da Narvik, cikin Yuli 1942, a dare ɗaya aka hallaka fursunoni 288.

Cikin masu gadin sansanonin nan akwai ɗaruruwan samarin Norwe, kuma wasunsu sun yi ta'asar da ta ba Jamusawa kansu mamaki. Bayan yaƙi wani ɗalibi mai suna Nils Christie, wanda daga baya ya zama babban malamin nazarin laifuffuka, ya bi su ɗaya-ɗaya yana tambaya, ya fitar da bincikensa cikin 1952. Ya gano cewa waɗanda suka yi kisa ba wasu dodanni ba ne, samari ne irin na kowane ƙauye, abin da ya raba su da waɗanda ba su yi ba shi ne, su na biyun sun taɓa kusantar fursuna, sun yi hira da shi, ko ya nuna musu hoton matarsa da 'ya'yansa. A lokacin ba wanda ya so jin wannan. Gawawwakin ma ba su huta ba, don cikin 1951 gwamnati, saboda tsoron kada Rashawa su riƙa leƙen asiri da sunan ziyarar kabari, ta sa aka tone dubbai aka zuba a buhuna aka tara su a tsibirin Tjøtta, aka kuma fasa wasu duwatsun tunawa da nakiya.

A can Arewa ne kuma ƙabilar Sami masu kiwon barewar ƙanƙara su ke, waɗanda aka shekara fiye da 100 ana tilasta musu barin harshensu a makarantun kwana. Majalisa ta nemi gafararsu cikin Nuwamba 2024. Ƙabilar Tater masu yawo kuwa, an ƙwace musu 'ya'ya, an kuma yi wa matansu aikin hana haihuwa da dokar 1934, wadda zaɓaɓɓiyar Majalisa ta kafa shekara 6 kafin sojan Jamus ya taka ƙasar, ba a kuwa sauya ta ba sai 1977.

To, ina aka kwana yau? In ka sauka a unguwar Grønland ta Oslo sai ka ce a Sabon Gari ka ke, ga masallatai, ga mahautan halal, ga 'yan Pakistan da Somaliya da 'yan Afirka ta Yamma. Galibinsu suna zaune lafiya, 'ya'yansu har minista sun yi. Amma tun cikin 1987 aka gane cewa tsoron baƙi na kawo ƙuri'a. A yaƙin zaɓen shekarar, shugaban jam'iyyar Fremskrittspartiet, watau Jam'iyyar Ci Gaba, Carl I. Hagen, ya karanta wa taro wata wasiƙa da aka ce wani Musulmi ne ya rubuto, yana alfaharin za su haifi 'ya'ya har su mamaye ƙasar. 'Yan jarida suka gano wasiƙar jabu ce, Hagen ya ce bai sani ba, jam'iyyar kuwa ta sami ƙuri'un da ba ta taɓa samu ba.

Ran 26 ga Janairu, 2001, a unguwar Holmlia, 'yan sabuwar Nazi suka daɓa wa wani yaro ɗan shekara 15 wuƙa har lahira. Sunansa Benjamin Hermansen, ubansa mutumin Gana ne, uwarsa 'yar Norwe, laifinsa launin fatarsa. Mutum kimanin dubu 40 suka fito da fitilu a Oslo suna Allah wadai, aka ce ba za a sake ba. Bayan shekara 10, ran Jumma'a 22 ga Yuli, 2011, Anders Behring Breivik ya tayar da bam a harabar ofisoshin gwamnati ya kashe mutum 8, sa'an nan ya sa kayan 'yan sanda ya haye tsibirin Utøya, inda matasan Jam'iyyar Leba ke taron shekara, ya kashe 69, wasu 'yan shekara 14. Ya fi awa guda yana harbi kafin a kama shi. A sa'o'in farko masu sharhi da yawa a Turai da Amurka sun ɗora wa Musulmi, har aka zagi wasu a titi, sai ga shi ɗan gida ne, farar fata, daga unguwar masu hali, wanda ya ce yana hukunta jam'iyyar ne don ta buɗe wa Musulmi ƙofa. Ya taɓa zama ɗan Jam'iyyar Ci Gaba kafin ya fita yana cewa ta yi sanyi, ita ma ta barranta da shi. An yanke masa shekara 21 da sharaɗin ƙarawa, ya kuma sha ɗaga hannu irin na Nazi a gaban alƙali.

A Utøya yanzu an gina rumfa a kan ɗakin shan shayin da aka kashe wasu a ciki, ginshiƙai 69 na ɗauke da rufin, sanduna 495 na kewaye da su, adadin waɗanda suka tsira. Da yawa cikin waɗannan sun ce har yanzu ana aiko musu da saƙon zagi da barazana. Ran 10 ga Agusta, 2019, jajibirin Babbar Salla, wani saurayi ya harbe ƙanwarsa ta riƙo 'yar asalin Sin, ya wuce masallacin Al-Noor a Bærum da bindigogi. Allah ya sa mutum 3 kaɗai ke ciki, wani dattijo ɗan shekara 65, Muhammad Rafiq, ya rungume shi ya kayar har aka zo. Gaskiya kuma ta sa a faɗa cewa cikin 2022 wani mai da'awar jihadi ya kashe mutum 2 a tsakiyar Oslo, kamar yadda cikin Fabrairu 2015 matasan Musulmi suka yi sahu suka kewaye wurin ibadar Yahudawa don ba shi kariya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Cikin 2011 ɗin nan, ƙasar da ke raba lambar zaman lafiya ta aika jiragen yaƙi 6 Libiya, suka jefa bama-bamai 588, bayan an daidaita da shugabannin jam'iyyu ta wayar tarho. Kwamitin da aka naɗa ya ba da rahoto cikin 2018 cewa gwamnati ba ta da wani sani nata na kanta game da Libiya sa'ad da ta shiga. Mutanen Mali da Nijar da Arewacin Nijeriya sun san inda makaman Gaddafi suka kwarara. Firayim Ministan lokacin, Stoltenberg, ya zama Babban Sakataren NATO daga 2014 zuwa 2024. Haka nan Norwe ta amince da ƙasar Falasɗinu cikin Mayu 2024, amma cikin Agusta 2025 jaridar Aftenposten ta tono cewa asusun ajiyar kuɗin man ƙasar, mai kusan dala tiriliyan 2, yana da jari a wani kamfanin Isra'ila mai gyaran injinan jiragen yaƙi, dole aka yi ta sayar da hannayen jari cikin gaggawa ana dab da zaɓe.

An yi zaɓen ran 8 ga Satumba, 2025. Jam'iyyar Leba ta Jonas Gahr Støre ta riƙe mulki da kujera 53 cikin 169. Jam'iyyar Ci Gaba ta zo ta biyu da kujera 47 da kusan kashi 24 cikin 100, mafi yawan da ta taɓa samu, kuma samari maza sun ba ta ƙuri'a ƙwarai. Shugabarta, Sylvi Listhaug, ita ce wadda ta sauka daga kujerar Ministar Shari'a cikin Maris 2018, bayan ta rubuta a Facebook cewa Jam'iyyar Leba, wadda aka kashe 'ya'yanta a Utøya, ta fifita haƙƙin 'yan ta'adda a kan tsaron ƙasa.